Baƙin Keke, Daga Nottingham Zuwa Kano

Duk wanda ya yi wayo a Kano ko Zariya ko Katsina kafin babura su cika gari ya san shi. Baƙi ne wuluk, dogo, mai nauyi, an ja masa siririn zane ruwan zinariya a jiki. Sirdinsa na fata ne, birkinsa na sandar ƙarfe, kacarsa kuma a rufe take ruf don kada ta kama bakin wando. Akwai kariya a baya, akwai fitila da ƙararrawa a gaba, ga famfo maƙale a jikinsa. Shi malamin firamare yake hawa zuwa makaranta, da shi masinja yake raba takardu, shi ɗan koli yake jibga wa kaya ranar kasuwar ƙauye. Tsofaffi suna ce masa basukur, mu kuwa mun tashi muna cewa keke. Ba don tsere aka ƙera shi ba. An yi shi ne don ya kai mutum wurin aiki da tufafinsa na aiki, ya dawo da shi gida da cefane, gobe ma haka, har shekaru su ja.

Kafin a kai ga wannan siffa an sha gwaje-gwaje. A 1817 wani Bajamushe mai suna Karl von Drais ya fito da wani abin hawa na katako mai ƙafa biyu a birnin Mannheim, wanda ake zama a kai ana tura ƙasa da ƙafa. Cikin shekarun 1860 maƙeran birnin Faris suka sa feda a jikin ƙafar gaba. Da yake babu kaca, hanyar ƙara gudu ita ce a ƙara wa ƙafar gaba girma, haka aka yi ta yi har ta kai ƙirjin mutum. Abin ya zama na samarin masu hali, domin wanda ya ci karo da dutse ta ka yake faɗowa, babu kuma mai iyali da zai yarda ya tafi aiki a kansa. Sai a 1885 John Kemp Starley ya ƙera keken da ya sa wa suna Rover a birnin Coventry na Ingila, ƙafafunsa kusan kai ɗaya, kaca tana juya ta baya, mahayi yana iya dire ƙafarsa a ƙasa. Bayan shekara uku, a 1888, wani likitan dabbobi da ke zaune a Belfast, John Boyd Dunlop, ya sa wa keken ɗansa tayar roba mai iska. Waɗannan abubuwa biyu su suka mayar da keke abin hawan kowa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi burge ni, ko da yake ba a cika ba da labarinsa ba, don babu sunan mutum ɗaya da za a jingina masa. Masana'antu suka zauna suna duba abin da ke damun mai zuwa aiki, suna magance shi ɗaya bayan ɗaya. Ingila ƙasar ruwan sama ce, sai aka sa madigadi mai tsawo gaba da baya don kada taɓo ya ɓata wa akawu kwat. Aka rufe kaca don kada ruwa da yashi su cinye ta, kada kuma baƙin mai ya taɓa tufafi. Aka ɗaga kan keken aka lanƙwaso shi baya, yadda mahayi zai zauna a miƙe yana ganin hanya, ana ganinsa. Aka zaɓi ƙafa mai inci 28 saboda tana haye rami ba tare da ta jijjiga mutum sosai ba. Birkin sanda ba ya tsinkewa kamar na waya, in ya lanƙwashe kowane maƙeri zai miƙe shi. A 1902 kamfanin Sturmey-Archer ya fito da giya uku da aka ɓoye cikin cibiyar ƙafar baya, inda ƙura ba ta isa, a 1936 kuma ya sa injin ba da wuta cikin cibiyar ƙafar gaba, fitila ta riƙa kamawa muddin ƙafa tana juyawa. Duk wannan ya sa keken ya yi nauyi, yakan kai kilo 20, amma mai shi bai damu ba tunda ba ɗaukarsa zai yi ba.

Sunan da ya fi shahara a wannan sana'a shi ne Raleigh. Wanda ya kafa kamfanin wani lauya ne, Frank Bowden, wanda ya yi arziki a Hong Kong ya dawo gida ba lafiya, likita ya ba shi shawarar ya riƙa hawa keke. Da ya ji daɗin jikinsa sai ya nemi ƙaramin shagon da ya ƙera kekensa a wani titi mai suna Raleigh a birnin Nottingham, ya zuba kuɗi, a 1888 aka kafa kamfanin da sunan titin. Tambarinsa kan zalɓe ne, kirarinsa kuma shi ne kekensa ƙarfe ne zalla. Sannu a hankali ya haɗiye abokan takararsa: Humber a 1932, Rudge a 1943, sashen kekunan BSA a 1957. A 1960 ya haɗe da rukunin kamfanonin da ke da Hercules da Phillips, sunayen da dattawanmu suke ambata har yau in ana hirar kekunan da.

Zuwansa ƙasar Hausa yana tafe ne da layin dogo, wanda ya iso Kano a 1911, da kuma cinikin gyaɗa da ya biyo baya. Kantunan Turawa irin su John Holt da UAC suna sayen gyaɗa da auduga da fata, suna sayar da atamfa da fitila da keke. Manomin da kakarsa ta yi kyau yakan koma ƙauye da sabon keke, wani ma ba ya cire takardar da aka naɗe ƙarfen da ita sai ta yage da kanta. Ma'aikatan En'e, malaman gona, malaman tsafta, 'yan doka, duk a kansa suke zaga gunduma. Har lasisi ake yanka masa. Akwai wani tallan Raleigh da ya karaɗe ƙasashen Afirka, na wani mutum a kan keke yana murmushi, zaki ya biyo shi a guje ya kasa cim masa. Daga baya kamfanin ya buɗe masana'antar haɗa kekuna a Kano, abin da ke nuna irin girman kasuwar Arewa a lokacin.

Mu ma mun ƙara masa namu. Mai babbar riga ya koyi naɗe ta a kafaɗa kafin ya hau. Kariyar da aka yi don jakar takardu ta koma ɗaukar buhun gero, jarkokin ruwa, damin rake, akuya a ɗaure, ko maigida ya goya yaro biyu zuwa makarantar allo. Da ta gaza sai maƙera suka ƙera wata mai kauri da rodi, aka ƙara wa ƙafar baya wayoyi masu ƙwari. Sana'o'i suka tsiro a gindin bishiyoyi: mai faci da kwanon ruwansa yana neman inda iska ke fita, mai gyara yana ɗaure wayoyin ƙafa har ta daina rawa, mai ba da haya yana duba agogo yana lissafin minti. Da yawa daga cikinmu a keken haya muka koyi tuƙi, ƙafa ɗaya zure ta ƙarƙashin sandar tsakiya saboda ba mu kai sirdi ba, gwiwa duk ƙujewa. Samari kuma suna naɗe ƙarfen da roba mai launi, su ƙara madubi biyu, su rubuta karin magana a jikin robar da ke rataye a madigadi.

Wannan siffa ta Ingila ita manyan ƙasashen Asiya suka ɗauka suka ninka. A ƙasar Sin an fara ƙera Flying Pigeon a birnin Tianjin a 1950, Phoenix kuma a Shanghai a 1958. Shekaru da dama keke shi ne abin hawan ma'aikatan ƙasar baki ɗaya, sai da takardar izini ake samunsa, wani ya daɗe yana jiran layi ya zo kansa. Abubuwa huɗu ake so saurayi ya mallaka kafin aure: keken hawa, keken ɗinki, agogon hannu da rediyo. Bahaushen wancan zamani ba zai ji wannan jeri baƙo ba. A Indiya kamfanin Atlas ya fara a 1951, 'yan'uwa na gidan Munjal suka kafa Hero a birnin Ludhiana a 1956, bayan shekara talatin ya zama kamfanin da ya fi kowane yawan ƙera keke a duniya. Waɗannan sun fi na Ingila araha, su ne suka cika kasuwanninmu lokacin da Raleigh ya fi ƙarfin aljihun talaka. Masu gyara suna cewa ƙarfensu bai kai na da ba, amma kayan gyaransu suna shiga juna, ana samunsu a kowace kasuwa.

A Turai kuwa mota ce ta kore shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu albashi ya ƙaru, aka faɗaɗa tituna, ma'aikacin da ya sayi mota ya jingine keke a bayan gida. Kamfanoni suka koma yi wa yara da masu wasanni. Holan ma, wadda yau ake misali da ita wajen hawa keke, ta bi wannan hanya, har aka fara rushe tsofaffin unguwanni don a yi wa motoci hanya. A 1971 mutum kusan 3,300 suka mutu a haɗarin hanya a ƙasar, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Wani ɗan jarida, Vic Langenhoff, wanda mota ta kashe masa 'ya, ya yi rubutu mai zafi, daga nan aka sami ƙungiyar da sunanta ke nufin a daina kashe yara. Iyaye mata suka riƙa toshe tituna, suna fito da tebura suna cin abinci a tsakiyar hanya. Sai ga rikicin man fetur na 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana Holan mai, gwamnati ta hana tuƙa mota ranakun Lahadi. Mutane suka ga yadda garuruwansu suke in babu mota. A 1975 aka kafa ƙungiyar mahaya keke ta ƙasa, a 1977 birnin Groningen ya raba tsakiyarsa gida huɗu, mota ba ta tsallakawa daga wani zuwa wani sai ta zagaya, keke kuwa ya wuce kai tsaye. Aka shiga gina wa keke hanyarsa daban, shekara bayan shekara. Yau kekunan ƙasar sun fi mutanenta yawa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tafiye-tafiyensu a keke suke yi, tashar jirgin ƙasa ta Utrecht tana da wurin ajiye keke 12,500 da aka kammala a 2019. Keken da suke hawa kuwa, irin na kamfanonin Gazelle da Batavus, ɗan'uwan namu ne na da: baƙi, miƙaƙƙen zama, rufaffiyar kaca, kariya da fitila.

Mu namu labarin ya bi wata hanya. Kuɗin mai da ƙarin albashin Udoji na 1974 suka ɗora ma'aikata a kan Vespa da Honda. Daga baya acaɓa ta zo, sannan baburan Sin masu araha suka malalo. Keke ya koma alamar rashi, har saurayi yana jin nauyin zuwa zance a kansa. Titunan da aka yi ta ginawa ba a bar masa gefe ba, mai keke ya zama shi ne ake matsewa zuwa kwata. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi kira ga 'yan Najeriya su koma hawa keke, ya hau da kansa a Abuja, wata bas ta ture shi cikin rami. Mutane suka yi ta dariya. A ganina maganarsa tana kan hanya, abin da ya same shi kuma shi ne abin da ke samun talakawa masu keke kullum ba tare da jarida ta buga ba. Shekara guda bayan haka, a 2002, aka daina haɗa keke a masana'antar Raleigh ta Nottingham, a 2012 wani kamfanin Holan mai suna Accell ya sayi sunan.

Duk da haka baƙin keke bai mutu ba. Ƙungiyar World Bicycle Relief da aka kafa a 2005 ta koma wa tsohuwar siffar nan ta ƙera keken da ta kira Buffalo, mai giya ɗaya da kariyar da ke ɗaukar kilo 100, tana raba shi ga ɗalibai da ma'aikatan lafiya a ƙasashe irin su Zambiya da Kenya. A Maiduguri, da aka hana hawa babur a 2011 saboda matsalar tsaro, kekuna suka dawo titi da yawa. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, ma'aikata da ɗalibai a garuruwan Arewa suka fara kakkaɓe waɗanda suka jingine, wasu suka nufi kasuwa.

Akasarin abin da suke tararwa a can na gwanjo ne daga ƙasashen waje. Da yawa an yi su ne don hawan dutse ko motsa jiki: giya barkatai, kaca a buɗe, babu madigadi, babu kariya, mahayi a sunkuye. Wanda ya saya ba ya kwana biyu sai ka gan shi a wurin mai walda ana haɗa masa kariya da rodi. Daga nan ya wuce wurin mai gyara a ɗaga masa kai, a sa madigadi da ƙararrawa, a ɗaura masa tocila a gaba da tsinken roba.