BAYANI: Wa ke lura da lafiyar kayan asibiti? Abin da doka ta tanada da abin da manhaja za ta iya yi a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

A daren 25 ga Mayun 2022 gobara ta tashi a sashen jarirai na asibitin gwamnati da ke garin Tivaouane a ƙasar Senegal, ta hallaka jarirai 11. Hukumomi sun ɗora alhakin abin a kan matsalar wayar lantarki, kuma washegari Shugaba Macky Sall ya sallami ministan lafiya. Shekara guda kafin nan, a Afrilun 2021, fashewar tukunyar iskar oksijin ta haddasa gobara a asibitin Ibn al-Khatib da ke Bagadaza, inda mutum 82 aƙalla suka rasu. A wuraren biyu, kayan da aka kawo domin ceton rai ne suka zama ajali.

Irin wannan hadari yakan soma ne daga ƙaramin abu: wayar da ta zaizaye, soket da ke zafi, ko firjin rigakafi da ya kwana a kashe ba wanda ya rubuta. Wannan bayani ya duba dokokin da suka shafi kula da gine-gine da kayan asibiti a Najeriya, da yadda manhajar kula da gyara ke aiki, da tambayoyin da ya kamata mazauna arewa maso yammacin Jigawa su riƙa yi wa masu riƙe da amanarsu.

Yaya girman matsalar yake?

A 2011 masu bincike biyu daga Jami'ar Duke ta Amurka, Lora Perry da Robert Malkin, sun tattara bayanan kayan asibiti 112,040 daga ƙasashe masu tasowa 16. Sun gano cewa kimanin kashi 38 cikin 100 ba sa aiki. Manyan dalilan da suka lissafa su ne rashin horo, da rashin tsarin kula da kayan, da raunin abubuwan da kayan ke dogara da su, irin su wuta da ruwa. Ma'ana, na'ura da yawa ba tsufa ne ke kashe su ba, sakaci ne.

Yankinmu yana da nasa yanayi da ke ƙara tsananta lamarin. Ƙurar hunturu tana toshe matatar na'urar da ke tace oksijin daga iska, tana kuma rufe fuskar faifan sola har wutar da yake bayarwa ta ragu. Zafin bazara yana cinye batir. Wutar KEDCO, kamfanin da ke rarraba lantarki a Kano da Katsina da Jigawa, idan ta zo da hauhawa da faɗuwa tana iya ƙona na'ura mai tsada cikin daƙiƙa. Cibiyar lafiya a ƙauyen Gwiwa ko Roni, ko wadda ke bakin iyakar Nijar a Babura, tana nesa da mai gyara, balle kayan gyara, waɗanda akasari sai an je Kano.

Me doka ta ce?

Ginshiƙin al'amarin shi ne Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a 2014. Sashe na 13 ya haramta kafa asibiti, ko sauya fasalinsa, ko ci gaba da gudanar da shi, ba tare da takardar shaidar cika ƙa'ida ba. Sashe na 11 kuma ya kafa Asusun Samar da Kiwon Lafiya Matakin Farko, wanda aka fi sani da BHCPF, da za a riƙa zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya.

Dokar ta fayyace yadda za a raba kuɗin: kashi 50 ga inshorar lafiya, kashi 20 ga magunguna da rigakafi, kashi 10 ga ma'aikata, kashi 5 ga agajin gaggawa, sai kashi 15 domin samarwa da kula da gine-gine, kayan aiki da abin hawa na cibiyoyin lafiya matakin farko. Wannan kashi 15 shi ne abin da mai karatu ya kamata ya riƙe. Kuɗin gyara haƙƙi ne da doka ta rubuta, ba alfarmar ɗan siyasa ba. Sai a kasafin 2018 aka fara ware wa asusun kuɗi, kimanin naira biliyan 55.

Ban da wannan doka, akwai hukumomin da kowace ke da ɓangarenta. NAFDAC ce ke yi wa kayan aikin likitanci rajista kafin a sayar da su. NNRA ce ke ba da lasisin amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙashi, saboda hadarin hasken da take fitarwa. MLSCN ce ke duba ɗakunan gwaje-gwaje. NPHCDA ce ke gindaya mafi ƙarancin abin da ya wajaba a samu a cibiyar lafiya matakin farko. A matakin jiha, manyan asibitoci irin na Kazaure da Babura suna ƙarƙashin kulawar Ma'aikatar Lafiya da ke Dutse, ƙananan cibiyoyi kuma suna hannun Hukumar Lafiya Matakin Farko ta Jigawa, wadda ta gaji tsarin Gunduma da jihar ta kafa da doka a 2007.

Hukumomi dai ga su nan birjik. Abin da yakan yi ƙaranci shi ne rubutacciyar shaida, mai kwanan wata da sunan wanda ya yi aikin, cewa an duba abin da ya kamata a duba.

Mece ce manhajar kula da gyara?

A taƙaice, rajista ce da ke zaune a kwamfuta ko waya, wadda ke tunatarwa da kanta. Masana na kiranta CMMS, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa jagora a kanta a 2011, cikin jerin littattafanta kan kayan asibiti. Aikinta ya kasu huɗu.

Na farko, ƙidaya. Kowace na'ura, daga janareto zuwa ma'aunin hawan jini, ana ba ta lamba, a rubuta ƙirarta, ranar da aka kawo ta, wanda ya kawo ta, ɗakin da take, da ranar da garantinta zai ƙare. Na biyu, jadawalin dubawa kafin lalacewa: yaushe za a wanke matata, yaushe za a canza man janareto, yaushe wa'adin tukunyar kashe gobara zai cika. Na uku, takardar neman gyara. Idan ungozoma ta kai rahoton cewa fitilar ɗakin haihuwa ta mutu, manhajar tana riƙe sa'ar da aka kai ƙorafin, da wanda aka tura, da kuɗin da aka kashe, da ranar da aka kammala. Na huɗu, rahoto: na'ura nawa ke aiki, nawa ke kwance, kwana nawa suka yi a kwance.

Ga misalai uku da ke nuna amfanin lambobi. Yawancin alluran rigakafi sai an ajiye su tsakanin ma'aunin sanyi 2 zuwa 8, kuma ƙa'ida ita ce a rubuta yanayin firji sau biyu a rana, safe da yamma. Zafi yana kashe ƙarfin ɗigon shan-inna, daskarewa kuma tana lalata allurar penta, alhali kwalbar tana nan fes a ido. Na'urar tace oksijin tana iya ci gaba da ƙara kamar lafiya lau, alhali tsarkin iskar da take fitarwa ya faɗi ƙasa da kashi 82 cikin 100 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Sai an gwada da ma'auni ake ganewa. Tukunyar tururi da ake tsarkake kayan tiyata da ita dole ta kai zafin 121, in ba haka ba almakashin da aka ciro daga cikinta zai iya sa wa mai jego cuta. A dukkan ukun, ido ba ya ganin lalacewar. Rubutu ne kaɗai ke tona ta.

Abin da manhaja ba za ta iya ba

Manhaja ba ta riƙe sifana. Idan babu ma'aikacin gyara, babu kuɗin sayen kaya, babu babur da zai kai shi ƙauye, abin da za ta yi kawai shi ne tara jerin ƙorafe-ƙorafen da ba a amsa ba. Haka kuma ana iya yi mata ƙarya, kamar yadda ake cike takardar firji ta mako guda a zama ɗaya ranar da aka ji masu duba-gari na tafe. Maganin wannan shi ne na'urar da ke auna sanyi ta adana da kanta, da hoton aikin da aka yi mai ɗauke da lokaci, da ziyarar ba-zata.

Akwai kuma tarkon kwangila. Manhajar da sai da intanet mai ƙarfi take buɗewa, ko wadda za a riƙa biya wa kuɗin shekara da dala, ko wadda bayananta ke hannun ɗan kwangila shi kaɗai, za ta mutu ranar da tallafi ya ƙare. Wadda ta dace da yankin ita ce mai aiki a ƙaramar waya ko da babu sabis, ta aika bayani idan ya dawo. Ma'aikatan lafiya ba baƙin irin wannan ba ne, domin tuni rahotannin wata-wata na cibiyoyi ke shiga manhajar DHIS2 ta ƙasa. Masu ilimin ma ba sai an yi nisa ba: Kazaure na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da cibiyar koyar da fasahar kwamfuta ta jiha, Babura kuma na da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2021.

Me ɗan ƙasa zai tambaya?

A tsarin BHCPF, cibiyar da ke cin gajiyar asusun tana da nata asusun banki, tana tsara yadda za ta kashe kuɗi duk wata uku, kuma kwamitin ci gaban mazaɓa yana da hannu a ciki. Jigawa na da mazaɓu 287, don haka ƙofar tambaya tana kusa da kowa. Ga abin da ya dace a nema: jerin kayan aikin cibiyar da halin da kowanne ke ciki, ranar da aka yi wa wayoyin lantarki da tukwanen kashe gobara dubawar ƙarshe, takardar sanyin firji ta watan jiya, adadin da aka kashe a kan gyara, da rasitinsa, da sunan jami'in da ake kira idan na'ura ta tsaya.

Idan an ƙi ba da amsa a baki, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar nema a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana 7 ta amsa. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar ta hau kan jihohi ma.

'Yan siyasa sun fi son yanka kirtanin sabon gini, domin gyaran famfo ba ya shiga hoton kamfe. Amma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma daren da aka kawo yaro yana numfashi da ƙyar ba shi ne lokacin gano cewa na'urar oksijin ta yi wata uku a mace ba. Duk mai neman kujerar kansila, ko shugaban ƙaramar hukuma, ko ɗan majalisa a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa, ya kamata a tambaye shi a bainar jama'a: na'ura nawa ke aiki yau a cibiyar lafiyar mazaɓarka, kuma ina aka rubuta hakan?