ASALIN KALMAR "DRINK" DA YADDA TA SHA BAMBAN DA TAMU "SHA"

Cikin watan azumi aka sa 'yan wani aji su rubuta labarin gidajensu da Turanci. Wani yaro ɗan Birnin Gwari, mai ƙoƙari ƙwarai, ya ɗauki alƙalami ya rubuta cewa ubansa "drinks" kullum in rana ta faɗi, har maƙwabta su kan zo su taya shi. Nufinsa shan ruwa, watau buɗa baki. Amma duk wanda Ingilishi ne harshensa, in ya karanta, abin da zai fahimta shi ne dattijon mashayin giya ne, gidansa kuwa matattarar mashaya. Ga shi kuwa mutumin limamin unguwa ne! Da muka ga takardar sai dariya ta kama mu, daga baya muka ga abin ba na dariya ba ne, gama kalma guda ta kusa zubar da mutuncin mai furfura a hannun ɗansa. Don haka muka ga ya kamata mu ba ku tarihinta.

Kalmar nan ta girmi ƙasar Ingila da sunanta. Wajen shekara ta 450 bayan haihuwar Annabi Isa waɗansu ƙabilu, Angal da Sakson da Jut, suka fara ƙetare teku daga arewacin Jamus da Danmak, suka zauna a tsibirin Biritaniya. Daga sunan Angal aka sami Ingila. Cikin kayan da suka ƙetaro da shi har da wannan kalma, su kan ce "drincan". Haka ake rubuta ta a zamanin Sarki Alfred, wanda ya rasu a 899. 'Yan'uwansu da suka bari a gida ba su yar da ita ba: Jamusawa na cewa "trinken", mutanen Holan na cewa "drinken". Tun ma kafin ƙetarowar, wani malamin Kirista mai suna Wulfila ya juya Baibul cikin harshen wata ƙabila da ake kira Got, wajen shekara ta 350, ya rubuta ta "drigkan". Harshen Got ya mutu tuntuni, amma kalmar na nan a takarda.

Mun san yadda "drink, drank, drunk" ke ba ku wuya, har waɗansunku na tambaya don me ba a ce "drinked" kowa ya huta ba. To, wannan alamar tsufa ce. Kalmomin aiki na asali a harsunan nan, wasalin cikinsu ake juyawa a nuna lokaci. Mutanen Alfred na cewa "drincan, dranc, druncen", Bajamushe kuwa har gobe "trinken, trank, getrunken". Kun ga abin da ku ke haddacewa ya fi shekara dubu ana haddace shi.

A 1066 Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada shekaru masu yawa. Ta nan "beverage" ta shigo, watau abin sha, jikar kalmar Latin "bibere". Ita ce ta manya da ta takardun kanti. Talaka dai ya riƙe "drink" ɗinsa, bai saki ba. Har ma ta bi hanya ta koma wa Faransawan, gama sun ari ta Jamusawa sun mai da ita "trinquer", watau a haɗa kofi da kofi kafin a kurɓa.

Yanzu mu koma gida mu ga 'yarta. Yamma da Kaduna, a ƙasar Birnin Gwari, akwai dajin Kamuku, wanda En'e ta keɓe a 1936, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Kogin Mariga ke bi ta wannan yanki. Da rani, in ƙananan rafuka sun ƙafe, makiyayi ya kan kora shanu mashaya. Su shanun sun sha, shi kuwa ya shayar. Mu da ɗan ƙari a ƙarshen kalma mu ke raba mai sha da mai ba da sha. Mutanen Ingila na dā da juya wasali su ke yi: "drincan" a sha, "drencan" a shayar. Ita ce ta zama "drench". Malamin dabbobi in ya kama maraƙi ya ɗura masa maganin tsutsar ciki, da ita ya ke kiran aikin. In kuwa ruwan Agusta ya rutsa mutum a dajin ya jiƙa shi sharkaf, nan ma ita ce, kamar a ce an shayar da tufafinsa har sun ƙoshi.

Inda labarin ya fi daɗi wajen taba ne. Mun sha jin 'yan makaranta na yi wa wanda ya ce "drink tobacco" dariya, wai ya yi Turancin kasuwa. Ku bi a hankali. Taba daga Amurka ta fito, ta isa Ingila kafin 1600, ta bazu har Sarki James na Ɗaya ya wallafa takarda ta zaginta a 1604. A wannan zamani, mutanen Landan da kansu "drink tobacco" su ke cewa, daidai da shan tabarmu. Daga baya "smoke" ta ture ta. Larabawa har yanzu da kalmarsu ta sha su ke faɗinsa. Ashe wanda ku ke wa dariya bai yi kuskuren hankali ba, ya dai makara ne da shekara 400.

Tun da mun ambaci Larabawa, "shariba" tasu ta haifi "sharab", daga nan Turawa suka sami "syrup" da "sherbet". Kada kamannin ya ruɗe ku ku ce tamu ma aro ce. "Sha" gadon gida ce, gama a harsunan da ke dangi da Hausa, kamar Bolanci da Ngizim na wajen Potiskum, kusan "sa" ake cewa. Shayi ne baƙo: daga Larabci ya zo mana, asalinsa kuwa "cha" ta mutanen Sin.

To, ga inda suka rabu. Tasu ta tsuke, tamu ta yi faɗi. Mu mu kan sha ruwa da fura da kunu, mu sha magani ko da ƙwaya ce, mu sha mangwaro da rake, mu fita shan iska, mu sha inuwa. Bature cin mangwaro ya ke yi, ko romo ma ci ya ke ce masa, magani kuwa ɗauka. Mu kan sha daɗi, mu sha kashi, mu sha alwashi, mu sha da ƙyar. Mutanen Birnin Gwari ba sa bukatar ƙamus ya gaya musu ma'anar shan wuya, bayan shekarun da 'yan bindiga suka shige dajin nan, suka tare hanyar Kaduna, suka hana noma da kiwo. Duk wannan "drink" ba ta iya ɗauka. Ita kuma, fiye da shekara 500 ke nan, in ta tsaya ita kaɗai ba a faɗi abin da aka sha ba, sai ta karkata wajen giya. Ba su kaɗai ba ne kuma: mu ma in an ce wane mashayi ne, ba wanda zai zaci fura ake nufi.

Yaron nan ya dawo ya tambaye mu abin da ya kamata ya rubuta. Muka ce ya sa "breaks his fast". Ya juya ta a ransa, ya ɗago kai a firgice, ya ce, "Malam, ai Baba bai taɓa karya azumi ba!" Sai da muka tuna masa da karin kumallo, wanda Turawa ke kira "breakfast", sa'an nan ya yarda ya rubuta.