Abin da Jirgin Fito Yake Ci: Daga Gumin Matuƙa Zuwa Man Fetur

A shekarar 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yau, ya ci karo da kwale-kwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda bincike ya nuna ya kai shekara 8,000. Tun zamanin wannan kwale-kwale duk wanda ya mallaki jirgi ya san cewa ranar saye ita ce mafi sauƙi, domin jirgi kamar doki yake, yana ci ko an hau ko ba a hau ba. Abin da ya sauya a tarihi shi ne irin abin da yake ci. A da gumi ne da lokaci, yau kuwa tsabar kuɗi ce, kuma wannan sauyi ne tushen yawancin haɗurran da ke cinye rayuka a kogin Neja.

A zamanin da, duk abin da jirgi ke buƙata yana nan a bakin ruwa. Inda manyan itatuwa suka yi ƙaranci, ɗinka katako ake yi da igiya. Bafaranshen nan René Caillié, wanda ya bi kogi daga Jenne zuwa Kabara, mashigar Tumbutu, a 1828, ya bayyana irin waɗannan jirage da yadda ake ware mutanen da aikinsu kawai kwarfe ruwan da ke yoyo. A tafkin Cadi, 'yan ƙabilar Buduma kan ɗaure jirgi da ciyawar ruwa, in ya jiƙe ya ruɓe bayan 'yan watanni su ɗaura sabo. Babban jirgin fatauci kuwa, irin na Kede na ƙasar Nupe waɗanda sarkinsu Kuta ke zaune a Muregi, tsadarsa mutane ce: masu tuƙi da gora da filafili, abincinsu, da haraji ga sarakunan bakin kogi. Shi ya sa manyan jirage suka zama na sarakuna da attajirai, har Baturen Ingila Richard Lander da ƙaninsa John suka daɗe a ƙasar Busa da Wawa a 1830 suna neman jirgi a hannun sarakuna. Amma talaka mai ƙaramin kwale-kwale yana iya gyara kayansa ba tare da ya taɓa aljihu ba.

Ƙarni na 20 ya rushe wannan tsari. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Busa, kogi ya koma tafki mai tsawon fiye da kilomita 100, mai iska da igiyar ruwa, inda gora ba ta taɓa ƙasa. Jirgin katako mai ƙusa da inji ya zama dole ga mai ɗaukar 'yan kasuwa. Da shi kuma sababbin ɗawainiyoyi suka zo: fetur, baƙin mai, kuɗin makaniki, kwaltar toshe ɓaraka, da farfelar da kututturan itatuwan da ruwa ya binne ke karyawa. Babu ɗaya daga cikinsu da ake samu da gumi kaɗai, kayan gyaran inji ma daga waje suke zuwa, farashinsu na bin dala. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin fetur ya ninka kusan sau uku cikin kwanaki, alhali fasinjojin manoma ne da masunta waɗanda ba sa iya biyan ninkin kuɗin fito.

Wasu za su ce duk wannan kare mai laifi ne, haɗama ce kawai ke sa a yi lodin da ya wuce kima. Babu shakka akwai ganganci, kuma wanda ya loda rayuka a ruɓaɓɓen jirgi ba shi da uzuri. Mutanen da suka halaka kusa da Warra a jihar Kebbi a 2021, da 'yan biki fiye da 100 da suka nitse a yankin Patigi a 2023, ba lissafin kowa ne zai dawo da su ba. Sai dai haɗama tsohuwa ce, ba ta isa ta bayyana dalilin da kuskure iri ɗaya ke maimaituwa a mashigai masu nisa da juna ba. Mai jirgin da kuɗin shigarsa bai kai na fitarsa ba, ƙofa biyu ce a gabansa: ya ƙara mutane ko ya ɗage gyara, kuma sau da yawa duka biyun yake bi. Wasu kuma za su ce inji alheri ne, ya kai mara lafiya asibiti, ya kai kifi kasuwa kafin ya lalace. Gaskiya ne, ba kuma mai kiran a koma wa filafili. Magana ita ce an karɓi injin ba tare da an tanadi yadda za a riƙe shi ba.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lakwaja, da gwamnatocin jihohi sun fi ba da ƙarfi ga rabon rigunan kariya da hana tafiyar dare. Wannan yana da kyau, amma bai taɓa jijiyar matsalar ba. Sai an cire kututturan da ke kan hanyoyin ruwa, an bai wa ƙungiyoyin masu fito rancen gyara mai sauƙi, an riƙa duba jirgi a mashiga kafin ya tashi, an kuma tsayar da kuɗin fito da ya ƙunshi gyara. Muddin aka bar wannan nauyi a kan mai jirgi shi kaɗai, fasinja ne zai ci gaba da cika giɓin da ransa.