Kiwon Kaji a Gidajen Masama

A Masama da sauran ƙauyukan ƙasar Gwandu, kiwon kaji tun da daɗewa aikin mata ne, domin kaza ce dukiyar da mace kan sayar ranar kasuwa idan buƙata ta taso, ko a yanka wa baƙo. Kajin sukan yini suna kiwo a tsakar gida, ana watsa musu tsaki, wato ɓarzajjen hatsi, da magariba kuma a rufe su cikin akurki saboda muzuru, yayin da shirwa ke fakon 'yan tsaki da rana.

Babbar masifa ita ce annobar hunturu, wadda masana ke kira cutar Niyukasil, mai iya share kajin unguwa cikin 'yan kwanaki. Kuma kafin zuwan rigakafi, abin da mata suka dogara da shi shi ne jiƙa ɓawon maɗaci ko barkono a ruwan shan kajin, dabarar da ba ta hana mutuwa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa maganin rigakafin cutar, sai dai isar da shi ƙauye da sanyinsa ya kasance abu mai wuya, kuma asarar kan faɗa kan matan da ba su da wani jari.