Daren Da Kyaftin Cronin Ya Sauka Da Fiffike Mai Rauni

Yau ba ci gaban labari na kawo maku ba, ɗan tarihi ne. Wanda duk ya taɓa zama kusa da taga a jirgin sama ya san cewa idan an kusa sauka sai ka ji wani gurnani, ka ga wasu faifayai suna zarowa daga bayan fiffike suna lanƙwasawa ƙasa. Ran da na fara ganin haka na ɗauka fiffiken ne ke ɓallewa, har na damƙi hannun dattijon da ke gefena, shi kuwa ya yi ta yi mani dariya. Matuƙa jirgi suna kiran waɗannan faifayai filaf.

Aikinsu shi ne su ƙara wa fiffike faɗi da lanƙwasa, yadda jirgi zai rage gudu sosai amma iska ba ta sake shi ba. Irin mai zamewa baya ɗin nan wani Ba'amurke ne, Harlan Fowler, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1920. To, idan suka ƙi fitowa fa? Jirgi zai iya sauka, sai dai dole ya zo da gudun da ya wuce na kullum, ya ci titi mai tsawo, birki ya ɗau zafi. Abin da ya fi haɗari shi ne na gefe ɗaya ya fito ɗayan ya maƙale, domin jirgin zai nemi kifewa ta gefen da ya maƙale. Shi ya sa manyan jirage suke da na'urar da ke kulle su duka da zarar ta ga sun saɓa.

Mu a littattafanmu, da a finafinan Indiya, jarumi kan cije leɓe ne ya fizgi sitiyari. A zahiri matuƙi abin da yake fara yi shi ne ya daina taɓa hannun filaf ɗin. Sai ya fasa sauka, ya nemi izinin kewayawa a sama, abokin aikinsa ya buɗe littafin matakai suna bi layi-layi. Su lissafa gudun da ya dace da nauyinsu, su nemi titi mafi tsawo, su rage mai idan ya yi yawa, su ce motocin kashe gobara su jira. Mafi yawan lokuta fasinja ma ba ya sanin an yi wani abu.

Amma akwai daren da ba a sami wannan sararin ba. Ranar 24 ga Fabrairu, 1989, wajen ƙarfe biyun dare, jirgin kamfanin United mai lamba 811, ƙirar Boeing 747, ya tashi daga Honolulu ya nufi Auckland ta ƙasar New Zealand da mutum 355. Kyaftin ɗin David Cronin ne, saura 'yan makonni ya cika shekara 60 ya yi ritaya. Sun yi kamar minti 16 suna hawa, sun kai ƙafa 22,000 a saman teku, sai ƙofar ɗakin kaya ta gaba ta fizge, ta yage bangon jirgin na dama. Fasinjoji tara iska ta yi waje da su, ba a sake ganinsu ba. Tarkace ya faɗa injinan dama guda biyu, dole aka kashe su. Injiniyan jirgin, Randal Thomas, ya sauko ya leƙa, ya koma ya ce masu akwai ƙaton rami, kamar bam ne ya tashi.

Cronin ya juya ya nufi Honolulu da injin biyu, duk a hagu, tankuna cike da man doguwar tafiya. Suka shiga zubar da mai, jirgi kuma yana ta yin ƙasa.

Nan ne wurin da ya fi ɗaure mani kai. Da suka fara zaro filaf, yana wuce daraja 5 sai alama ta nuna gefen dama da na hagu ba su daidaita ba, tarkacen ya lahanta na gaban fiffiken dama. Ga zaɓi biyu, kowanne da ƙaya. Ka ƙara zarowa don ka rage gudu, wataƙila jirgin ya kife, ga shi injin biyu ba su da ƙarfin jan jirgi mai nauyi da filaf a buɗe duka. Ka bar su, sai ka sauka da gudun da birki zai iya kasawa. Kuma dama ɗaya ce, babu zancen a fasa a sake kewayowa. Cronin da mataimakinsa Gregory Slader suka tsayar da su a daraja 10, alhali 747 takan sauka ne da 25 ko 30. Suka taɓa ƙasa da gudun da ya haura kilomita 350 a awa. Jirgin ya tsaya a kan titi, kuma kafin minti ɗaya ya cika kowa ya fita ta sulalen gaggawa. Mutum 346 suka tsira.

Ni a ganina wannan tsayawa a daraja 10 ta fi saukar kanta wuya. Zuciya za ta yi ta ce maka ƙara kaɗan mana, gudun ya yi yawa.

Da farko hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta ɗora laifi kan yadda aka kula da ƙofar da yadda aka rufe ta a ƙasa. Iyayen wani saurayi ɗan New Zealand da ke cikin mutum taran nan suka ƙi yarda, suka yi ta bin takardu da kansu, suna cewa matsalar wayoyin lantarki ce da raunin makullin. A 1990 aka tsamo ƙofar daga ƙasan teku, zurfin da ya haura ƙafa 14,000. A 1992 hukumar ta sauya rahotonta, ta ce lantarki ne ya buɗe makullan bayan an riga an rufe ƙofar.