Ƙwayar cutar kwamfuta da manhajar leƙen asiri: abin da riga-kafi ke iya tsarewa da abin da ya fi ƙarfinta

A ƙarshen shekarar 2012, wani ɗan asalin ƙasar Habasha mai takardar zama ɗan Amurka, mazaunin jihar Maryland, ya buɗe wata takardar Word da ta zo masa ta imel a kwamfutar gidansa. Daga nan wata manhaja mai suna FinSpy ta ɓuya a cikin na'urar tsawon watanni, tana naɗar hirarrakin da yake yi ta Skype, tana kuma bibiyar shafukan da shi da iyalinsa ke shiga. A shekarar 2014 ƙungiyar Electronic Frontier Foundation ta shigar da ƙara a madadinsa a kan gwamnatin Habasha, da sunan aro na Kidane domin kare danginsa da ke gida. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara da ke birnin Washington ta kori ƙarar, bisa hujjar cewa gwamnatin wata ƙasa tana da kariya daga irin wannan shari'a a kotunan Amurka. Kwamfutar da aka yi wa wannan aika-aika ta ɗaki ce, wadda yara ma ke aikin makaranta da ita.

Ire-iren miyagun manhajoji

Jama'a sukan kira kowace muguwar manhaja da sunan bairos, amma masana sun rarrabe su bisa yadda suke yaɗuwa da abin da suke nema. Ƙwayar cuta ta asali tana liƙe wa wani fayil ne, sai an buɗe shi sannan ta farka ta harbi sauran. Tsutsa kuwa ba ta jiran kowa, da kanta take ratsa hanyar sadarwa daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Akwai wadda ke shigowa da rigar manhajar kirki, kamar wasa ko manhajar kallon bidiyo, Turawa suna kiranta dokin Tarwada saboda tatsuniyar Girkawa. Akwai mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa. Sai manhajar leƙen asiri, wadda duk nasararta tana cikin yin shiru: tana rubuta abin da aka danna a allon rubutu, ta kwashe kalmomin sirri, wani lokaci ta kunna kyamara ko makirufo ba tare da mai na'urar ya sani ba.

Ƙwayar cutar da aka fi ambata a matsayin ta farko da ta yaɗu a kwamfutocin IBM da ire-irensu ita ce Brain, wadda 'yan'uwa biyu, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta a birnin Lahore na Pakistan a 1986. Ta faifan filofi take yawo, kuma marubutan sun saka sunansu da adireshin shagonsu a cikinta. A watan Mayun 2000 saƙon imel mai taken ILOVEYOU, wanda ya taso daga Filifin, ya harbi miliyoyin kwamfutoci cikin 'yan kwanaki, don kawai mutane sun ƙagu su ga wanda ya rubuto musu wasiƙar soyayya.

Darasin da ya fi amfani ga mai kwamfutar gida ya zo ne ranar 12 ga Mayun 2017, lokacin da WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman dala 300 a kuɗin Bitcoin. Asibitocin gwamnati a Ingila sun soke ganin marasa lafiya da dama. Ɓarakar da ta bi ta shiga Windows, hukumar tsaron Amurka ta NSA ce ta gano ta tun da farko ta ƙera makami a kanta, sai wasu masu kutse da ke kiran kansu Shadow Brokers suka fallasa makamin. Kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran ɓarakar tun watan Maris, wata biyu kafin harin. Galibin waɗanda abin ya rutsa da su, waɗanda ba su sabunta kwamfutarsu ba ne.

Yadda riga-kafi ke aiki

Manhajar riga-kafi tana farawa ne da rumbun alamomi. Kowace muguwar manhaja da aka taɓa kamawa tana da wata siffa a cikin rubutunta, tamkar zanen yatsa, sai riga-kafin ta riƙa gwada duk fayil da ya shigo da abin da ke rumbunta. Saboda haka riga-kafin da ta yi wata shida ba ta sha intanet ba, ta zama maigadi mai riƙe da hotunan ɓarayin bara. Manhajojin zamani sun ƙara da lura da ɗabi'a: idan wani shiri ya fara kulle ɗaruruwan fayiloli a jere, ko ya nemi cusa kansa cikin abubuwan da ke tashi tare da kwamfuta, sai a dakatar da shi a killace ko da ba a san sunansa ba. Katangar tsaro kuma aikinta daban, ita ke tantance abin da ke shiga da fita tsakanin kwamfuta da intanet.

Tun daga Windows 8, Microsoft ya haɗa cikakkiyar riga-kafi a cikin tsarin, wadda yanzu ake kira Microsoft Defender, kuma ba a biyan ko sisi a kanta. Cibiyoyin gwaji masu zaman kansu, AV-TEST a Jamus da AV-Comparatives a Ostiriya, suna wallafa sakamakon gwada manhajojin riga-kafi a kai a kai, kuma nan ne ya fi dacewa mai saye ya duba maimakon tallar kamfani. Ga yawancin gidaje, Defender da aka bari a kunne tana sabunta kanta ta wadatar. Ɗora riga-kafi biyu masu gadi a lokaci guda ba ya ninka tsaro, sai dai su riƙa karo da juna, kwamfuta ta yi nauyi.

Akwai kuma batun amana, wanda ba a cika magana a kansa ba. Riga-kafi tana ganin komai da ke cikin kwamfuta, fiye da kowace manhaja. A 2020 aka bankaɗo cewa Avast, ɗaya daga cikin shahararrun riga-kafin kyauta, yana sayar da bayanan shafukan da masu amfani da shi ke ziyarta ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot. A 2024 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta ci kamfanin tarar dala miliyan 16.5. A shekarar ta 2024 gwamnatin Amurka ta haramta sayar da Kaspersky a ƙasarta, tana zargin cewa gwamnatin Rasha na iya tilasta wa kamfanin miƙa bayanai, zargin da kamfanin ya musanta. Zaɓen riga-kafi dai ya haɗa da zaɓen wanda za a damƙa wa makullin ɗaki.

Ƙofofin da aka fi shigowa ta cikinsu

Windows da Office na satar fasaha, waɗanda ake ɗora wa mutum a shagon gyara kan kuɗi kaɗan, su ne babbar matsala. Manhajar da ke fasa makullin lasisi kusan kullum tana buƙatar a kashe riga-kafi kafin ta yi aiki, wato mai gida da hannunsa yake sallamar maigadi ya buɗe wa baƙon da bai san asalinsa ba. Filashi ma haka: wanda ya kai shi shagon buga takardu ya dawo ya tarar manyan fayilolinsa sun koma gajerun hanyoyi, ya kwaso tsutsa ke nan, kuma danna waɗannan gajerun hanyoyin shi ke tayar da ita. Ta filashi ne Stuxnet, wadda aka gano a 2010, ta isa na'urorin tace yuraniyom na Natanz a Iran duk da ba sa haɗe da intanet.

Tsohon tsari shi ma ƙofa ce a buɗe. Microsoft ya daina gyara Windows 7 a ranar 14 ga Janairun 2020, kuma tallafin yau da kullum na Windows 10 ya ƙare a ranar 14 ga Oktoban 2025. Duk ɓarakar da aka gano bayan an daina gyara tsari, haka za ta zauna. Mai tsohuwar kwamfuta da ba ta ɗaukar Windows 11 yana iya komawa wani nau'in Linux, kamar Ubuntu ko Mint, waɗanda kyauta ne kuma ana sabunta su.

Sai saƙon da ke faɗowa a allo yana ihu cewa an gano ƙwayoyin cuta, a danna nan ko a kira wata lamba. Shafin intanet ba ya iya binciken cikin kwamfuta, don haka irin wannan gargaɗi shi kansa ne tarkon.

Abubuwan da ke rage haɗari ba su da tsada: barin sabuntawa ta riƙa sauka da kanta, yin aikin yau da kullum da asusu maras ikon shugabanci, kalmar sirri daban ga kowane shafi, da tantancewa mai mataki biyu a imel. Kwafin muhimman fayiloli a wani faifai da ake cirewa a ajiye shi ne kaɗai abin da ke sa barazanar masu neman kuɗin fansa ta zama banza, domin faifan da aka bari a maƙale, tare za a kulle shi.

Inda riga-kafi ke gazawa

Manhajojin leƙen asiri da ake sayar wa gwamnatoci, an ƙera su ne musamman don su tsallake riga-kafi. A watan Yulin 2015 aka yi wa kamfanin Hacking Team na Italiya kutse, aka watsa takardunsa masu girman gigabait 400, waɗanda suka nuna cinikinsa da hukumomin ƙasashe irin su Sudan da Habasha. Tun a 2014 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta saka Najeriya cikin jerin ƙasashe 21 da take zargin gwamnatocinsu na amfani da manhajar kamfanin, kuma ita ce ta gano yunƙurin harbin kwamfutocin ma'aikatan tashar ESAT, ta 'yan Habasha mazauna waje, ta hanyar fayil da aka tura musu a Skype a matsayin labari. Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila, wadda ta fi kai wa wayoyi hari, ta kai matsayin shiga na'ura ba tare da an danna komai ba.

Ɗan jarida ko ɗan gwagwarmaya da ke zargin an saka masa ido yana buƙatar binciken ƙwararru, ba duban riga-kafi kawai ba. Ƙungiyar Access Now tana da layin taimakon tsaron na'urori kyauta ga 'yan jarida da ƙungiyoyin farar hula, sashen tsaro na Amnesty International ma yana binciken na'urorin da ake zargi. Masu irin wannan bincike sukan ba da shawarar a katse na'urar daga intanet, a sauya kalmomin sirri daga wata na'ura daban, kuma kada a yi gaggawar goge komai, domin sawun da manhajar ta bari shi ne hujja. A shari'ar Kidane, ragowar fayilolin da FinSpy ta bari a kwamfutarsa ne suka nuna kiraye-kirayen da aka naɗa da kuma uwar garken da ke Habasha inda ake tura su.