Ɗaki da Gado: Zaman Ɗalibai a Kwalejin Jami'a ta Badun, 1948 zuwa 1962

Masu rubuta tarihin ilmi mai zurfi a Nijeriya sukan fi mai da hankali ga manhaja da jarrabawa da sunayen manyan malamai. Nufina a wannan takarda in duba wani gefe da a kan ɗauka ƙarami, watau wurin kwanan ɗalibai da cinsu da shansu a Kwalejin Jami'a ta Badun, tun daga buɗe ta cikin 1948 har ta zama jami'a mai cin gashin kanta cikin 1962. A ganina yawan gadajen da kwalejin ta mallaka shi ne ya yanke yawan 'yan ƙasa da suka sami digiri a gida kafin mulkin kai.

Asalin al'amarin daga Ingila ya ke. Cikin 1943, ana tsakiyar yaƙi, Gwamnatin Ingila ta naɗa kwamiti biyu: na Asquith, domin ya duba ilmin jami'a a dukkan ƙasashen da ke ƙarƙashinta, da na Elliot, domin Afirka ta Yamma kaɗai. A cikin na Elliot akwai 'yan Afirka uku, ɗayansu shi ne Rabaran I. O. Ransome-Kuti na Abeokuta. Duka biyu sun ba da rahoto cikin 1945. Kwamitin Asquith ya tsaya a kan cewa lalle ɗalibai su zauna a cikin kwaleji, su kwana nan, su ci nan. Hujjarsa kuwa biyu ce. Ta fari, gidajen haya na gari ba su da fitila da natsuwar da karatu ke bukata. Ta biyu, wadda ta fi nauyi, samarin da za su riƙe ƙasa gobe daga kabilu dabam dabam su ke, ba kuwa za su san juna ba sai an haɗa su a akushi ɗaya.

Akwai wani abin lura a nan. Jami'ar London ce aka ɗora wa kula da manhaja da jarrabawa, digirinta kuma ɗalibai ke samu. Amma ita London yawancin ɗalibanta a gari su ke kwana. Tsarin zama kuwa daga Oxford da Cambridge aka kwaikwayo shi. Watau an ɗauko jarrabawa mai tsanani daga wuri ɗaya, an ɗauko zama mai tsada daga wani, aka gama su a kan ƙasar da baitulmalinta bai taka kara ya karya ba.

Farkon abin dai ba a cikin daula aka yi shi ba. A watan Janairu na 1948 aka kwaso ɗalibai 104 daga Babbar Kwalejin Yaba ta Ikko, aka sauke su a Eleyele, cikin gine-ginen katako na wani tsohon asibitin soja da yaƙi ya bari. Shugaban farko shi ne Dokta Kenneth Mellanby, masanin ƙwari, wanda ya yi suna a Ingila da binciken cutar ƙazwa. Sarakunan Badun da jama'arsu suka ba da aron fili fiye da eka 2,500 a arewa da gari, na shekara 999. Ran 17 ga Nuwamba 1948 Sakataren Ƙasashen Mallaka, Arthur Creech Jones, ya sara ƙasa a wurin, cikin 1952 kuma Lord Tedder ya buɗe sabon mazaunin.

Maxwell Fry da matarsa Jane Drew su suka zana gine-ginen, kuma sun yi aiki da hankali. Benayen kwana dogaye ne sirara, ɗaki ɗaya ne kaurinsu, da baranda a gefe. An juya su yadda rana ba za ta doki doguwar fuskarsu ba, an kuma yi bango mai huda-huda da siminti domin iska ta ratsa, haske ya shigo a tace. Duk wanda ya san zafin Badun mai gumi ya san amfanin wannan dabara.

Turawa sun kira kowane rukunin benaye da sunan babban ɗakin da a ke cin abinci a cikinsa. Kalmar da ta fi dacewa da wannan a Hausa ita ce zaure, gama in Bahaushe ya ce zauren malam wane, makarantar duka ya ke nufi, da malamin da almajiransa. Da ita zan yi aiki. Zauren Mellanby shi ne na farko, sa'an nan na Tedder, da na Kuti, da na Sarkin Musulmi Bello, wanda aka sa wa sunan Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu. Na mata kuwa aka ba shi sunan Sarauniya Elizabeth, wadda ta ziyarci Nijeriya cikin 1956. Zauren Mulkin Kai da na Azikiwe sun zo ne a ƙarshen zamanin da mu ke magana.

To, yaya zaman ya ke? Kowane ɗalibi da ɗakinsa shi kaɗai, da gado da tebur da kantar littattafai da lantarki. Akwai ma'aikata masu shara da masu wanki. Abinci sau uku a yini, ana kawo shi bisa tebur. A wasu darare a kan yi cin abinci na girma, ɗalibai su sa rigar jami'a, shugaban zaure da malamai da baƙinsu su hau wani tebur da aka ɗaukaka bisa sauran. Kowane zaure da malamin da ke lura da ladabi, da dokar lokacin shiga da fita, da ta karɓar baƙi. Mai karatu ya tuna da yawa daga cikin samarin nan 'ya'yan manoma ne da malaman makaranta da ƙananan akawuna, waɗanda suka yi karatunsu da fitilar kwano. Ba abin mamaki ba ne da jaridun Ikko, har da ta Dokta Azikiwe, suka yi ta sukar kwalejin da cewa tana cin kuɗi da yawa a kan mutane kaɗan, tana kuma raba su da danginsu.

Sukar nan tana da lissafi a bayanta. Tun da an ce ba a ɗaukar ɗalibi sai da ɗaki, ƙarin ɗalibi ɗaya ƙarin gini ne da gado da kujera a zaure. Saboda haka a shekarar mulkin kai, bayan shekara goma sha biyu da buɗewa, ɗaliban ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba, a ƙasar da ƙidayar 1952 da 1953 ta ba ta mutum wajen miliyan 30. Waɗanda suka cancanta suka rasa gurbi sai su nufi Ingila ko Amurka in da hali, ko su yi karatu ta hanyar wasiƙa. Wannan ƙunci na cikin abin da ya sa kwamitin Ashby, cikin rahotonsa na 1960, ya ba da shawarar a ƙara jami'o'i.

Game da Arewa dole a yi adalci: ba gado ne ya tare 'ya'yanta ba. Makarantun sakandare da ke kai yaro ga matsayin shiga ba su da yawa a jihar, don haka 'yan Arewa a Badun ƙalilan ne ƙwarai. Amma waɗanda suka je sun bar suna, irin su Ishaya Audu, da Iya Abubakar masanin lissafi, da Adamu Ciroma da ya karanta tarihi, da Jibril Aminu da ya gama likitanci cikin 1965. Majami'un Kirista sun riga masallaci tsayawa a harabar, abin da ke nuna irin mutanen da suka cika ta da fari. Duk da haka akwai wata taska ta Arewa a can. A zamanin John Harris, mai kula da ɗakin littattafai na farko, mataimakinsa W. E. N. Kensdale ya tattaro littattafan Larabci rubutun hannu, har da na Shehu da Abdullahi da Bello, ya buga jerinsu tsakanin 1955 da 1958.

Ba zan musa cewa zaman ya haifi abin kirki ba. Chinua Achebe ya shiga cikin 1948 da niyyar likitanci, ya koma adabi. Wole Soyinka ya zauna daga 1952 zuwa 1954, Christopher Okigbo ya karanta Latin da Girkanci, J. P. Clark kuma ya kafa mujallar waƙoƙi ta ɗalibai mai suna The Horn. Da wuya a ce aji ne ya yi su, gama manhajar adabin ta Ingila ce zalla. Abin da ya fi kama hankali shi ne samarin sun sami ƙoshi da fitila da lokaci, suna kwana kusa da juna, suna gardama har dare, suna buga 'yan jaridunsu na zambo. Hujjar Asquith ta biyu ta tabbata a nan, ko da ya ke ba ta hanyar da ya zata ba.

Domin kuwa zauren da ya koya musu cin abinci da riga, shi ya koya musu haɗa kai a kan hukuma. Cikin 1957, zamanin shugaba J. H. Parry, aka sa shingen waya a zaurukan maza domin a tsare shiga da fita. Ɗalibai suka ce an mai da su namun dawa a keji, suka tsinke wayar, aka rufe kwalejin aka sallame su gida na wani lokaci. A watan Nuwamba na 1960 kuma, bayan mulkin kai, suka dunguma Ikko suka yi zanga-zanga a majalisa a kan yarjejeniyar tsaro da Ingila, wadda aka soke a Janairu 1962. A lokacin kwalejin tana hannun Dokta Kenneth Dike, ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta.

Jami'o'in da suka biyo baya, har da ta Ahmadu Bello da aka buɗe a Samaru cikin Oktoba 1962, sun gaji tsarin kwana da ciyarwa, suka gaji nauyinsa kuma. Rigimar da aka harbe ɗalibi Kunle Adepeju a Badun ran 1 ga Fabrairu 1971 daga ɗakin cin abinci na Zauren Azikiwe ta taso. Tarzomar 1978, wadda ta ci rayuka a Ikko da Zariya, ƙarin kuɗin abinci ne ya kunna ta. Cikin 1984 Gwamnatin soja ta janye hannunta daga ciyar da ɗalibai, ɗakunan da Fry da Drew suka zana wa mutum ɗaya kuwa tuni aka ƙara musu gadaje.